Kafin ka sayi tsohuwar Vespa ko wani babur na Italiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu ja hankalin masu sha'awar tsofaffin baburan Italiya. Ana ta farautar Vespa da iyaye suka jingine a zaure ko bayan shago, masu ɗan hali kuma suna sayen manyan babura 'yan Kwatano irin su Ducati da Moto Guzzi. Sha'awar ba laifi ba ce. Inda gizo ke saƙa shi ne ana zaɓen waɗannan babura da idon da ake zaɓen Jincheng ko Boxer, ana kuma gyara su da irin wannan hannun, alhali ƙirarsu daban take tun daga tushe. Mafi yawan waɗanda suka mutu a hannun mai saye ba tsufa ne ya kashe su ba, aikin kintace ne: mai da ido, ɗaurin noti da ƙarfin tuwo, fulogi duk wanda ya shiga rami.

Za mu fi daɗewa a kan Vespa, don ita ce ta fi yawa a Arewa. Kamfanin Piaggio ne ya fara ƙera ta a garin Pontedera a 1946, kuma wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne. Shi ya sa ba ta da firam na bututu kamar sauran babura. Farantin ƙarfe aka lanƙwasa aka haɗa, jikin da kake gani shi ne ƙashin bayanta. Injin kuma yana manne da tayar baya kai tsaye, babu kaca. Ta cika titunanmu a shekarun 1970, musamman bayan kuɗin Udoji sun shiga hannun malamai da ma'aikata, kuma yawancin waɗanda ake tonowa yau na wannan zamani ne ko na bayansa kaɗan: Super 150 mai ƙananan tayoyi inci 8, Sprint 150 mai inci 10, sai jerin PX da suka fara fitowa a 1977, masu 125, 150 da 200.

Tunda jiki shi ne firam, jiki za ka saya, ba inji ba. Injin Vespa ko ya shekara ashirin a kwance ana iya farke shi a mayar da shi sabo. Jikin da ya lanƙwashe ko tsatsa ta cinye tsakiyarsa kuwa, duk waldar da aka yi masa ba zai sake tafiya a miƙe ba. Kwantar da ita a kan tsohuwar taya ka duba ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa. Ka bi doron nan na tsakiya da wayoyi ke bi ta cikinsa, ka ƙwanƙwasa shi da sukudireba. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ruɓe yana amsawa a dushe. Ka duba inda ƙafar jingina take ɗaure, da kewayen birkin ƙafa, nan ruwa ke kwanciya. Sannan ka tsaya a bayanta tazarar taku biyar ka hango tayoyin biyu. In ta gaba ta karkata ta bar ta baya, ko ka ga wani ninki a ƙarfe ƙasan ham inda garkuwar gaba ta haɗu da doro, an taɓa yin karo da ita gaba da gaba. Wannan a bar wa mai ita kayarsa ko nawa ya rage.

Sabon fenti mai sheƙi abin tuhuma ne. Ɗauki ɗan maganaɗisu ka bi gefuna da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cika aka shafe. Vespa mai tsohon fentinta na asali da ya kwaile ta fi wadda aka yi wa wanka da fenti jiya, domin ta farko ba ta ɓoye maka komai.

Lambar jiki tana buge a gefe ta baya, ƙarƙashin murfin gefe, ta inji kuma tana kan hannun injin. Haruffan farko ne ke faɗa maka gaskiyar abin da ake sayar maka: VBC Super ce, VLB Sprint, VNX PX 125, VLX PX 150, VSX PX 200. Lambar jiki da ta inji ba sa zama iri ɗaya a Vespa ko daga masana'anta, saboda haka kada wannan ya tayar maka da hankali. Abin dubawa shi ne ko an goge an sake bugawa, ko an yanko ƙarfen lambar daga wata an liƙa. Akwai kuma Bajaj Chetak da LML Star na Indiya, waɗanda asalinsu ƙirar Vespa ce, ana cire musu tambari a manna na Piaggio. Ba miyagun babura ba ne, amma ba kuɗinsu ɗaya ba. Takardu kuwa, duk wanda ya ce sun ɓata tun zamanin mahaifinsa, a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu da lambobin biyu a ciki, a je a yi canjin mallaka kafin a kashe ko sisi a gyara.

Sai inji. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo, ka taɓa silinda ka tabbatar da sanyi take. Taka kiki a hankali da ƙafa: ya kamata ka ji turjiya sosai a wuri guda. In akwai ma'aunin matsi, daga psi 110 zuwa sama lafiya, ƙasa da 90 fistin da ringi sun gaji. Kama fankar magneto da hannu biyu ka jijjiga sama da ƙasa. Ko ɗan motsi ka ji, boris ɗin karanshaf ya tafi, kuma idan boris ya tafi, oyil sil na bayansa ma ya tafi. Buɗe notin man giya ka shinshina. Warin fetur a man giya yana nufin sil ɗin ɓangaren kuloci ya fashe. In ta tashi, bar ta ta yi zafi ka saurari silo. Injin da ke tashi da kansa yana ƙugi ba tare da an murɗa totur ba, ko wanda silonsa ke canzawa idan ka karkatar da babur hagu ko dama, yana shan iska ta sil. Irin wannan ne ke kama fistin a kan babbar hanya, domin iska ta yi yawa, fetur da mai sun yi kaɗan, zafi ya hau.

Hau ka bi giya huɗun duka, ka ba ta wuta sosai a ta biyu da ta uku. In giya ta fice da kanta ta koma, ko ka ji kamar an harbe ka daga baya, ƙarfen nan mai siffar kuros da ke zaɓen giya ya cinye. Shi kansa ba shi da tsada, amma sai an raba inji biyu kafin a kai gare shi, don haka a rage kuɗin aikin daga farashi. Kanikawa su tuna cewa zaren sandar da ke riƙe shi na hagu ne. Wanda ya kwance shi ta hanyar da ya saba, ƙara ɗaure shi yake yi har ya karye.

Akwai lahani guda da ba a gani sai an cire kafireto. A waɗannan injuna, gefen karanshaf ɗin ne ke buɗe ƙofar shigar fetur yana rufewa, yana wucewa dab da wani ɗan dandamali a jikin kasko. Idan ƙura ko guntun ƙarfe ya karce dandamalin, injin zai riƙa tofo fetur baya ta kafireto, ya ƙi zaman silo, ya yi wuyar tashi, kuma babu saitin da zai gyara shi. Leƙa ta ramin da tocila. Karce mai zurfin da farce ke maƙalewa a ciki yana nufin walda da gyaran injin lada, ko neman wani kaskon.

Yanzu ka saya. Abu na farko, kuma wanda ya fi kashe Vespa a ƙasar nan, shi ne haɗin mai. Injin mai bugu biyu ne, ba shi da kaskon baƙin mai. Man da ke jiƙa fistin da boris yana shiga ne tare da fetur. Ma'aunin Super, Sprint da PX kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 na man 2T a kowace litar fetur. Lita 5, mililita 100. Galan na lita 4, mililita 80. Sirinji mai mililita 20 daga kemis ya isa ma'auni, a ajiye shi a akwatin babur cikin leda. Rufe famfon mai, zuba 2T tukuna, sannan fetur a kai, ka girgiza babur. In ka zuba man a ƙarshe famfo a buɗe, yana gangarawa kafireto shi kaɗai ya toshe jet, ɗan ramin da fetur ke bi. Man 2T ɗin da ake sa wa ƙaramin janareto ana samunsa ko'ina, a nemi wanda aka rubuta JASO FB, FC ko FD a jikinsa, a saye shi a rufe. Baƙin man mota ba ya ƙonewa da tsabta, yana barin gawayi a kan fistin da ramin salansa. Wanda aka juye daga wani inji kuwa yashi ne kawai a cikin ruwa.

Masu cewa a ƙara mai don kariya su sani cewa ƙarin ba kariya ba ne. Ramin jet ɗaya ne. Duk man da ka ƙara, gurbin fetur ya ci. Sakamakon shi ne hayaƙi, fulogi mai jiƙewa, ringi masu maƙalewa a raminsu. Tsofaffin samfura na can baya irin su GS ne ke shan kashi 5, kuma da wuya ka ci karo da su a nan. Wasu PX suna da famfon da ke haɗa mai da kansa, za ka gane su da tankin mai na daban da ɗan gilashin dubawa a ƙasan sirdi. Kada ka ɗauka famfon yana aiki don ka ga gilashin. Da yawa an cire musu giyar famfon an bar tankin. A tabbatar tukuna, kafin nan a haɗa da hannu.

Fetur ɗin gefen titi da aka gauraya da kananzir yana sa inji ƙarar ƙwanƙwasa idan an ba shi wuta a hawa, kuma wannan ƙarar ce ke huda kan fistin. Duk lokacin da ka ajiye babur ka rufe famfo, ka mayar da shi kan C. Kafireton Vespa a saman karanshaf yake zaune. In allurar fulot ta ɗan saki, fetur zai cika cikin injin da daddare, da safe ka yi ta kiki a banza.

Man giya kuma daban ne: SAE 30, mililita 250, ba ƙari. Akwai noti biyu a ƙasan inji, na juyewa da na zubawa, na zubawar an rubuta OLIO a kansa. Tsayar da babur a miƙe, ka zuba har ya fara dawowa ta ramin, shi ke nan ya cika. Man giyar mota mai kauri lamba 90 yana sa kuloci jan ƙafa da sanyin safiya, giya ta riƙa shiga da ƙara. Muna ba da shawarar a canza shi duk kilomita 4,000 ko sau ɗaya a shekara, da sabon washa a ƙarƙashin notin, kuma a ɗaure da sauƙi domin zaren na alminiyam ne.

Kafireton Dell'Orto ne, SI 20/20 a PX 125 da 150, SI 24/24 a 200. Kusoshi biyu ke riƙe shi, kuma nan ne ƙarfin tuwo ke yin ɓarna. Ɗaurinsu bai wuce 16 zuwa 20 Nm a sufana mai auna ƙarfin ɗauri ba, a riƙa ɗaure su bi da bi kaɗan-kaɗan. Wanda ya danne ɗaya har ƙarshe kafin ɗayan ya lanƙwasa gindin kafireton, totur ya riƙa maƙalewa, iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ana gyara gindin da takardar yashi mai laushi a shimfiɗe a kan gilashi. Babban jet na 150 yana wajen lamba 100, na 200 kuma 116 ko 118. Kada a soka masa waya don a buɗe shi, a wanke da fetur a hura da iska. Kada kuma a rage shi da sunan tsimin mai; abin da ka tsimar a wata uku bai kai kuɗin fistin ɗaya ba.

Da hunturu, matatar iska tana buƙatar wanki da fetur duk mako biyu ga mai hawa kullum. Wasu suna cire ta gaba ɗaya wai don babur ya yi numfashi. Matatar nan tana cikin lissafin jet, cire ta yana rage fetur a cikin haɗin, ga ƙura kuma kai tsaye kan dandamalin da muka ambata. A duba robar nan mai ninki da ta haɗa akwatin kafireto da jikin babur. In ta tsage, injin yana zuƙar ƙurar tayar baya. Haka murfin da ke rufe silinda da na fanka. Injin a ɓoye yake a gefe, iskar hanya ba ta isa gare shi, fankar magneto ce kaɗai ke sanyaya shi, murfin ne kuma ke kai iskar inda ake so. Vespa marar wannan murfi a zafin Afrilu ba za ta kai Zariya daga Kano ba tare da ta kama ba.

Fulogi iri biyu ne kuma ba a musanya su. Masu 125 da 150 gajeren zare suke ɗauka, irin NGK B6HS ko B7HS. Mai 200 dogon zare, B6ES ko B7ES. Dogo a gurbin gajere yana iya taɓa fistin. Gajere a gurbin dogo yana barin zaren kai ya cika da gawayi. Tazarar baki milimita 0.6. Bayan tafiya mai ɗan nisa a cire a duba launi: ruwan ƙasa kamar shayi da madara kaɗan daidai ne, baƙi mai jiƙe mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, fari fat kuwa haɗari ne, a tsaya a nemi inda iska ke shiga.

Wutar tsofaffin, Super da Sprint da PX na farko, kwantak ce da kwandansa. Tazarar kwantak milimita 0.4, ana saita ta ta tagar magneto. Babur da ke tashi lafiya da sanyi amma ya riƙa yankewa in ya yi zafi, a fara zargin kwandansa. PX na baya suna da wutar lantarki marar kwantak da bolt 12, kuma za ka ga sunan Ducati a jikin akwatin wutar. Kamfanin kayan lantarki ne na Bologna, daban da mai ƙera babura a yau. Ciwonsu ɗaya: rigar wayoyin da suka fito daga kwayil tana ruɓewa ta zama gari, wayoyi su taɓa juna, wuta ta ɗauke. Kafin a sayi sabon akwati a duba wayoyin. Magneto kuma ana cire shi da abin zaro shi na musamman, ba da guduma ba. Dukan guduma yana karkatar da karanshaf kuma yana raunana maganaɗisun.

In fistin ya kama kana tafiya, za ka ji ƙarar inji ta canza, ƙarfi ya ragu, sai tayar baya ta nemi tsayawa. Damƙe kuloci nan take, shi ne zai raba taya da inji. Masu doguwar tafiya da Vespa suna barin yatsu biyu a kan kuloci saboda haka. A gangara mai tsawo kada a rufe totur gaba ɗaya ana cikin giya, domin in fetur bai shiga ba mai ma bai shiga ba. A riƙa ɗan murɗawa lokaci-lokaci. Idan aka yi borin aka sa sabon fistin, kibiyar da ke kansa ta kalli ramin salansa, tazarar bakin ringi tsakanin milimita 0.2 da 0.4, notocin kai a ɗaure su a gicciye. Kilomita 1,000 na farko ba a buɗe totur duka, ba a kuma riƙe gudu ɗaya na tsawon lokaci.

Tayoyi na da nasu hukunci. Rim ɗin gida biyu ne da aka haɗa da notoci, da tib a ciki. A gaya wa mai faci ya sace iskar duka kafin ya taɓa notocin haɗin, in ba haka ba rim ɗin zai fashe masa a fuska. Wajen haɗawa a ɗan hura tib kaɗan don kada ya matse tsakanin gidajen biyu. Iska a gaba wajen psi 18 zuwa 20, a baya 26 in kai kaɗai ne, 33 zuwa 35 in da goyo. Tayar da aka samu a jikin babur da ya daɗe a ajiye, ko zanenta sabo ne, a duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, mako ne da shekarar ƙira. In ta haura shekara shida a canza, domin a inci 8 ko 10 fashewar taya ba ta ba da lokacin tunani. Babban notin tayar baya kullum da sabon filin kulle. In birkin baya ya yi santsi, buɗe ganga. Sau da yawa man giya ne ya ɓullo ta sil ya jiƙa takalmin birki, kuma canza takalmi ba tare da canza sil ba asarar kuɗi ce.

Game da kayan gyara, yawancin na LML Star suna shiga PX, wasu na Chetak suna shiga Sprint da Super, amma ba duka ba. Ka tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka da tsohon a hannu a gwada, kada ka dogara da suna. Wayar kuloci, wayoyin giya biyu, gilashin fitila, robobi, duk ana iya sayen masu araha. Abu huɗu ne ba a yi musu rowa: oyil sil, boris, kuros ɗin giya da karanshaf, saboda duk wanda ya gaza a cikinsu sai an sake raba inji. A ajiye wayar kuloci ɗaya da fulogi ɗaya a akwati kullum.

Manyan baburan kuwa, lissafin juyewa yake yi. A Ducati jiki ba ya cika zama matsala, tarihin sabis za ka saya. Monster, wadda aka fara fitarwa a 1993 da inji 900, sannan 600 a shekarar da ta biyo, ita ce aka fi gani. Bawul ɗinta bel na roba ne ke juya su, ɗaya ga kowace silinda, kuma a tsofaffin ana canza bel duk shekara 2 ko kilomita 20,000, duk wanda ya riga. Shekarun suna ƙirguwa ko babur yana ajiye, domin roba na bushewa a lanƙwashe. In bel ya tsinke fistin zai daki bawul, aikin ya koma na kai gaba ɗaya. Mai sayarwa ya ce an canza amma babu rasit, ka ɗauka ba a canza ba, kuma kada a tayar da injin da ya shekara uku a kwance kafin a sa sabo. Tsarin bawul ɗin Ducati, wanda ake kira desmo, hannu ɗaya ke buɗewa wani ya rufe, kowanne da ɗan ƙarfen saitinsa, ana aunawa duk kilomita 10,000. Ba aikin tsafi ba ne, amma yana son ma'auni da haƙuri da jerin ƙarafan saiti da ba a samu a kasuwar unguwa. Kafin ka biya kuɗin babur ka fara gano bakaniken da ya taɓa yin wannan aiki, ka ga kayan aikinsa da idonka. In babu shi a garinku, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ƙarar kwaramniya daga gefen dama na 900 ba lahani ba ne, busasshen kuloci ne, haka yake. Lahanin gaske yana wajen caji. Ɗora mita a kan batir, inji na juyi 3,000 a minti: tsakanin bolt 13.5 da 14.5 daidai, ƙasa ko sama da haka akwatin daidaita caji ya kusa tafiya, a kuma duba mahaɗin wayoyi masu ruwan ɗorawa ko sun narke. Waɗanda aka ƙera a farkon shekarun 2000 suna da makullin tsaro, akwai jan makulli da katin lamba da ke zuwa da babur. Wanda ba shi da su, ranar da baƙin makulli ya ɓata za ka san tsadarsa. Masu bawul huɗu irin 748 da 916 suna da ciwon ɓarewar rufin hannuwan bawul, kuma ba mu ba wanda zai fara ba shawarar ya taɓa su. A ra'ayinmu ma, injin da iska ke sanyayawa, mai silinda ɗaya a ɓoye bayan ɗaya, bai dace da cunkoson tsakiyar birni da rana tsaka ba. Babur ne na buɗaɗɗiyar hanya.

Moto Guzzi, da ake ƙerawa a Mandello del Lario tun 1921, ya fi sauƙin zama da mutum. Silindojin biyu sun fito gefe da gefe suna shan iska, bawul ɗin da sufana da sukudireba ake saita su cikin rabin awa, babu bel, babu kaca, sanda ce ke juya tayar baya. Abin da ake mantawa shi ne mai uku yake sha: na inji, na giya, da na akwatin tayar baya. A manyan tsofaffin irin California da Le Mans, giya mililita 750 ce, akwatin baya 250, duka 80W-90, matatar man inji kuma tana cikin kasko, sai an kwance shi. Saboda wahalar kwancewar, za ka samu babur da aka shekara goma ana canza masa mai ba a taɓa matatar ba. Girgiza a matakin ƙafar dama lokacin tafiya alamar gaɓar sandar ce ta gaji. Na farkon shekarun 1970 kuma silindarsu rufin kurom ne da ke ɓarewa ya bi mai ya cinye inji, a leƙa ta ramin fulogi kafin a yi ciniki.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka kashe duk kuɗinka a saye. Ka riƙe kashi ɗaya cikin uku don sabis na farko. Babur da ya daɗe a kwance ba a fara shi da kiki. A juye tsohon fetur, a cire tanki a wanke tsatsa, a canza tiyon mai ko da bai tsage ba. A cire fulogi a ɗiga cokali ɗaya na 2T a silinda, a bar shi ya kwana, a juya injin da hannu a ji ko yana tafiya sumul. A wanke kafireto, a canza allurar fulot da gasket, a juye man giya. A Vespa, in kuloci ya manne, a buɗe murfinsa a raba faifan a jiƙa su da SAE 30 maimakon a tura babur a buga giya da ƙarfi. Sil ɗin da ya shekara goma bai ga mai ba ya bushe ko da injin ya tashi, saboda haka a sa canjinsa cikin lissafin watan farko, kafin a hau babbar hanya.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu kanikawan babura, Kano